Abin da Baƙi Suka Gani a Mijina

Hobart, 9 ga Satumba

Zuwa ga mijina Dougal,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da sauran mutanen tashar bincikenku can ƙasar ƙanƙara ta ƙarshen kudancin duniya, kuma injinan wutar suna yi maka biyayya. Yaya gwiwar? Kada ka ce ta warke, na san halinka. Mu nan lafiya ƙalau. Biskit ya ƙara ƙiba, mamanka ce ke ba shi cuku a ɓoye, in na yi magana ta ce ai kare ma yana kewar mai gidansa. Farar ƙanƙarar da ke kan dutse ta fara ja da baya, rana kuma ta soma kaiwa baranda.

To, an gama! Wasan kwamfutar nan da na ce maka ni da Thuy maƙwabciyarmu muna yi, jiya muka miƙa shi. Ka tuna gasar: mako biyu ake ba kowa ya ƙirƙiro wasa daga tushe, sannan jama'a su gwada su faɗi ra'ayinsu. Namu ba harbi ba tsere. Labari ne mutum ke karantawa yana kallon zane, can ba can ba sai a ba shi dama ya zaɓi abin da matar za ta faɗa. Ni na rubuta na zana, Thuy ta haɗa shi ya zama wasa. Da lokaci ya kusa cika ina ta sake launin labulen ɗakin da ke cikin wasan, sai ta fizge linzamin kwamfutar ta ce, "Nel, in kika ƙara taɓa labulen nan zan jefa ki a kogin Derwent, ke da kwamfutar." Ta danna, ya tafi. Na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga kai.

Na ce maka labarin wasu ma'aurata ne, amma ban fayyace ba. Sunansu Wilma da Rex. An cire wa Wilma nono ɗaya saboda ciwon daji, ta dawo gida, likita ya ce ta tsira, amma ita da mijinta sun rasa yadda za su koma mata da miji. Ka dai gane. Na sauya sunaye da gari, na mai da Rex mai gyaran jiragen ruwa, amma sauran namu ne. A ɓangaren manya muka sa shi, saboda akwai zancen kwanciya, kuma na zana tabon yadda yake. A gaban madubi na tsaya na zana shi. Tun da aka yi aikin ban taɓa yi masa kallon tsanaki irin wannan ba.

Ban san yadda za ka ɗauki wannan ba. In ranka ya ɓaci, faɗa mini kai tsaye in cire shi, ba wata wahala ba ce. Ni dai yau barci zan yi, don na gaji irin gajiyar da ke da daɗi.

Ka sa safa biyu. Ka gaida mai dafa muku abinci, ka ce na gode da yake hana ka rama.

Matarka,
Narelle


Hobart, 18 ga Satumba

Dougal nawa,

Bayan gaisuwa, ina fata wannan saƙo zai same ka cikin ƙoshin lafiya. Na ga amsarka mai layi biyu: kada in cire, kuma ka fara sauke wasan amma layin intanet na can sai ya ga dama. Na gode. Shekara ashirin da ɗoriya muna tare, har yanzu ban iya gane ko layi biyunka fushi ne ko yarda ba.

Ra'ayoyin mutane sun fara shigowa. Kwanakin farko ban iya buɗe shafin ba, Thuy ce ke zuwa da shayinta ta zauna a kicin ta karanta mini. Na farko wani ne ya rubuta, "Na shigo ɓangaren manya neman abin da ake nema a ɓangaren manya, sai aka sa ni kuka a wurin aiki. Tauraro biyu na ba shi cikin biyar." Muka yi dariya har Biskit ya fara haushi.

Na biye da shi ba na dariya ba ne. Wani ya ce wa zai so ya ga irin wannan tabo, a rufe shi mana. Thuy ta so ta tsallake, na gane daga yadda ta yi shiru, na sa ta karanta.  Na ce mata a cire wasan yanzu-yanzu. Ta ajiye kofi ta ce, "Saboda wannan? Mutumin da ko sunansa bai iya sawa ba? Ki ba ni zuwa Lahadi. In har lokacin kina kan bakanki, da hannuna zan cire."

Kafin Lahadi shafin ya cika. Wata nas daga Brazil ta ce za ta nuna wa abokan aikinta, don su ana koya musu ɗinki da wanke ciwo, ba a koya musu abin da ke faruwa bayan mace ta koma gida. Wata mata a Glasgow ta ce an yi mata aikin ta ɓangaren dama, kuma wannan ne karo na farko da ta ga jiki irin nata a zane ba don a tsorata mutane ba. Shi kuwa mai cewa a rufe tabo, ba sai na amsa masa ba, mutane sun yi masa ca har ya goge maganarsa. Akwai masu gyara kuma, da gaskiyarsu: rubutun ya yi ƙanana, kiɗan ya cika maimaita kansa, kuma in ka zaɓi amsa ta uku a wurin cin abinci sai kan Rex ya ɓace, ya bar wuya da riga suna magana. Thuy ta ce ba kuskure ba ne, fasaha ce.

Amma ba wannan ya sa na zauna rubuta maka ba. Gardama ce ta tashi a kan Rex.

Ni da na rubuta shi, a matsayin mutumin kirki na rubuta shi, wanda ya yi jinya da zuciya ɗaya, amma jikin matarsa ya fita daga ransa kuma kunya ta hana shi faɗa. Ban ƙirƙiri komai ba, abin da na gani na sa. Yana kashe fitila kafin ta cire riga. Yana kwana a bakin gado kamar mai gudun faɗawa rami. Yana shiga banɗaki ya daɗe da hannuwa a ƙarƙashin ruwan zafi, ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, sai ya cusa su a aljihu ya ce bari ya duba ko an kulle gareji. A ƙarshe ya karɓi aiki mai nisa.

Sai ga mutane suna cewa Rex ba ƙyama yake yi ba. Ba mutum ɗaya ba, ba biyu ba. Wata ta ce ta sake wasan sau da yawa tana neman zaɓin da Wilma za ta kama hannunsa kawai, ba ta samu ba, ta ji haushina. Wani dattijo da ke kiran kansa Tsohon Direba, wanda matarsa ta sha irin wannan ciwo, ya rubuta cewa, "Baiwar Allah, wanda ke ƙyamar mace ba ya ɗumama hannunsa kafin ya shigo ɗaki. Ya ɗumama ne don kada sanyi ya taɓa ta. A bakin ƙofa tsoro ke kama shi. Na tsaya a wannan ƙofar, na san ta."

Ni duk tsawon lokacin nan na ɗauka wanke hannu kake yi.

Na karanta, na sake karantawa, na fita na zauna a kan matakala har shayina ya huce. Thuy ta biyo ni ta ce, "Ke kika zana mutumin, amma kowa ya gan shi sai ke." 

Mutanen nan ba su san ka ba, mai yiwuwa nasu mazan suke gani. Shi ya sa nake tambayarka, kai da ka san gaskiya. Haka ne? Kuma da ka karɓi aikin nan, guduna ka yi? Duk amsar da ka bayar zan iya ɗauka, na ɗauki wadda ta fi ta nauyi a ofishin likita. Rashin sanin ne ya ishe ni.

Ka kula mini da kanka.

Taka,
Narelle


Hobart, 2 ga Oktoba

Masoyina Dougal,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ta kullum. Yaya aiki, yaya sanyi, yaya gwiwar da ka amsa da bakinka cewa tana damunka? Ka je wurin likitar tasha, ba shawara nake ba ka ba.

Tun ranar da ka kira nake son rubutawa, amma duk lokacin da na zauna sai in tsinci kaina ina murmushi kamar wata sakarya. Layin ya yanke kafin in faɗi nawa, don haka ga shi a rubuce.

Ina ɗaga waya ka ce, "Nel, na gama wasan."  Sannan ka ce, "Likita ya ce kada a matsa wurin. Ni kuma babu wanda ya zo ya ce mini yanzu an daina." Na ce fitilar fa? Ka ce ranar da na dawo daga asibiti ka shigo ina canza kaya, na juya maka baya na rufe ƙirjina da tawul, sai ka ɗauka ba na so ka gani, ka riƙa kashewa don ka sauƙaƙa mini. Wallahi na manta da tawul ɗin nan sam. Kai kuwa ka riƙe shi shekara biyu.

Da na tambaye ka aikin, ka ce, "Na ga kamar ko numfashina takura miki yake yi. Na ce bari in bar miki gidan ki sha iska." Dougal, mutum ya bar wa matarsa gida sai ya je wurin ƙaninsa a Launceston, ba ƙarshen duniya ba! Na yi kuka, na yi dariya, kai ma na ji kana jan hanci, kada ka ce mura ce. Sai can ka ce, "Amma fa kin zalunce ni a zane, tumbina bai kai haka ba." Ya kai, masoyi. Rage shi ma na yi.

Ban san yadda zan kwatanta maka abin da nake ji ba. Na daɗe ina shirya kaina don ranar da za ka dawo ka zaunar da ni ka ce ka yi iya ƙoƙarinka. Har na zaɓi fuskar da zan yi. Yanzu duk wannan shiri ya tashi a banza, kuma ban taɓa jin daɗin asarar wahala irin wannan ba. Ina cin abinci. Jiya na cinye miyar kabewar da na dafa don kwana uku.

An fitar da sakamakon gasar. Ba mu ci ba, ko kusa. Wani wasa ne na kwaɗo mai sayar da inshora ya zo na ɗaya, kuma na gwada shi, ya cancanta. Mu muna can tsakiya, sai dai a ɓangaren rubutu mun shiga goman farko. Thuy ta buga takardar ta manna a firij ɗinta. Ta gyara kan Rex, mun ƙara girman rubutu, kuma na sa zaɓin nan da matar ta nema: yanzu Wilma tana iya tashi ta ciro hannunsa daga aljihu. Na rubuta wa Tsohon Direba na ce masa ya yi gaskiya. Ya amsa da cewa matarsa na gaishe ni, kuma ta ce shi ma sai da aka jawo shi.

Sai ka shirya, mamanka ta yi wasan. Ƙanwarka Maree ce ta sa mata a kwamfutar hannu, zan kama ta. Ranar Laraba mamanka ta zo, ta zauna ba ta cire kwat ɗinta ba, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Narelle, akwai shafukan da na rufe ido." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ta ce, "Ubansa ma haka yake. Da na haifi Maree da fiɗa, wata shida yana gaishe ni kamar baƙuwa a coci. Mazan gidan nan ba a jiransu, kamo su ake yi." Ta miƙo kofi ta ce in ƙara mata madara. Shekararta tamanin da uku fa, Dougal!

Abu na ƙarshe. Ranar Asabar ni da Thuy muka je bakin teku a Kingston. Ruwan bai yi ɗumin shiga ba tukuna, amma muka shiga, muna ihu kamar an watsa mana wuta. Da muka fito, ɗakin canza kaya cike yake da matan nan masu iyo da safe, ƙaramin ɗakin mai ƙofa kuma akwai mutum a ciki. Da can sai in jira. Wannan karon haƙorana na kaɗawa, na cire rigar iyo a nan cikin mutane. Wata mata kusa da ni ta dubi ƙirjina, ta dubi fuskata, ta ce, "'Yar'uwa, kina da abin taje kai? Na manta nawa." Na ba ta.

An ce jirgin ruwanku zai iso farkon Disamba in ƙanƙara ta ba da hanya. Zan zo bakin tasha ni kaɗai. Na riga na gaya wa mamanka da Maree su yi haƙuri sai washegari, Biskit kuma zai kwana gidan Thuy.

Ka dawo mini lafiya.

Matarka da ke jiranka,
Narelle