Kai za ka karanta wa Baba

Yaya Salisu,

Na wuce Bande tun kana barci, ɗalibaina na jira.

Jiya takardar lisansina ta iso, ta karatun jami'ar da na yi ta intanet. Kai ka ce wa Baba hira da maza nake yi a waya, ya ƙwace ta wata biyu, jarrabawa ta wuce ni, na maimaita shekara guda. Ban ce maka uffan ba, amma ban yafe ba.

Fotokopin na cikin hularka. In Baba ya dawo daga Dogo-Dogo, kai za ka karanta masa da bakinka, gaban Inna. In faransancin ya gagare ka, bari in dawo Juma'a in biya maka.

Hinda