Naman Yana Ƙarfe Shida

Ya ke sanyin idon da bai taɓa ganinki ba, inuwata da tsakar rana, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, abar ƙaunata!

Na so in cika takardar nan da zaƙin baki, amma wallahi tunani ɗaya ya hana ni. Jibi ne fa! Jibi zan zauna a teburin Abbanki, mutumin da ya shekara talatin yana shugabantar masu jera tebur a babban otal, wanda kika ce ko daga ɗaki ya ji wuƙa ta karci faranti sai ya tsuke fuska. A gabansa zan nemi aurenki, ni da na tashi yatsuna ne idanuna a cikin kwano. Yanzu an ce in ajiye su in ɗauki ƙarfe. Ina zan sa kaina?

Kin tuna ranar da kika fara kai ni gidan abinci bayan na tashi daga aji? Kika ce in ɗauki farantin kamar agogo: nama yana ƙarfe shida, shinkafa tara, miyar barkono sha biyu. Sai dai kin manta kina fuskantata ne, shidanki shi ne sha biyuna. Na ciko cokali da barkono na kai baki da gadara irin ta gwani. Wayyo! Ga tari, ga hawaye, ke kuwa kika tuntsire da dariya har kika ture kofinki. A cikin wannan dariyar na gane ba tausayina kike ji ba, sona kike yi. Har yau ita nake tunawa in na rasa kuzari.

Yau kwana tara Yayata tana horar da ni da dafaffen dankali. Wuƙa a dama, cokali mai yatsu a hagu. Na koyi lanƙwasa yatsu in bi tebur a hankali har in taɓa gindin kofi. Amma wake ya ƙi ni, sai gudu yake yi a faranti. Jiya sau uku na kai cokali baki babu komai a kansa, Yaya ta ce ko ba komai na iya cin iska cikin ladabi. Na taya ta dariya.

Ga shi kin ce Umma ta tsara wurin zama, ke a gabana kuma. Don Allah, hasken raina, ki ƙirga agogon daga wajena. Kada ki matso mini da kofi a ɓoye don kyautatawa, inda na ajiye shi nan hannuna ya sani. Kuma ko kin ga ina kokawa da naman nan, ina gumi, kada ki karɓi wuƙar. Idan Abba ya ga haka, zai ga mutumin da 'yarsa za ta ƙare rayuwa tana yanka wa abinci, kuma ba zan ga laifinsa ba in ya hana ni ke.

Bari in faɗa miki wanda ya fi tsorata ni. Kofin zai iya faɗuwa, na sani. Ruwa zai bi farin ƙyallen teburin, kowa ya yi tsit. Su za su kalli fuskar juna, ni kunne kaɗai gare ni, kuma muryarki zan jira. Idan na ji kin sassauta ta kina ba su haƙuri a madadina, wallahi ban san da wace ƙafa zan tashi daga kujerar ba. Ko Abba ya kore ni zan iya ɗauka, amma ba zan iya ɗaukar jin kunyata a bakinki ba.

Idan kofin ya faɗi, rabin raina, ki yi mini dariyar ranar barkono. Ni zan ba su haƙuri da bakina, in nemi tsumma in goge.

Naki, ko a wane ƙarfe kika ajiye ni, har ƙarshen numfashina,
Malaminki mai cin iska.