Shaidar Wuyan Taguwa

Tanut, 9 ga Maris 1964

Zuwa ga Yaya Mahmudu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Raliya da yara, da mutanen Damagaram duka. Mu nan sai godiya, dukanci yana tafiya.

Yaya, ɗanka Umaru ya ba ni kunya. Tun da aka kawo shi biro, wato ofishin kwamanda, yake yawo da jakar awo, kai ka ce shi ya auna duniya kafin a shimfiɗa ta.

Ka tuna Kaltuma, matar marigayi Ila? Ta ga taguwarta da ta ɓace tun tana 'yar ƙaramar raƙuma, a kasuwar Belbeji, hannun wani Rissa. Yanzu ta girma, har tana da nono, kuma Kaltuma ba ta da wata dabba sai ita. Ta kawo ƙarfen da mijinta ya yi wa taguwar shaida da shi a wuya gaban kwamanda: sanda miƙaƙƙiya da ƙugiya biyu. Kwamanda ya ce Umaru ya gwada, tunda shi ne gwanin lissafi a lakwal, makarantar boko.

To, ji aikin gwani. Ya manna takarda a wuyan taguwa, ya kwafi tabon, ya baje ta kan tebur, ya ɗora ƙarfen. Wai layin ƙarfe miƙe yake, na taguwa ya lanƙwashe, ya kuma fi tsawo da santimita huɗu, saboda haka ba shaida ɗaya ba ce. Wuyan raƙumi fa, Yaya! Yaushe ya zama allo? Makiyaya suna ta kallon juna, shi kuwa yana gyara tabarau. Aka ba Rissa taguwa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ka gaida kowa.

Ƙanenka, Attahir

Tanut, 27 ga Maris 1964

Yaya Mahmudu,

Ina gaisuwa, ya jikin Raliya? Allah ya ƙara sauƙi. Na sami takardarka, inda ka ce in bi yaro a hankali. Na bi shi.

Na kira shi rumfata. Na ari ƙarfen Kaltuma, na buga shi a ɗanyar fata, na ja fatar a jikin turmi, na fi ja ta tsawo, don wuya tsawo yake ƙarawa fiye da kauri. Sandar ta lanƙwashe a gaban idonsa, ta ƙara tsawo. Na nuna masa abin da bai canja ba: ƙugiyoyin nan biyu, kowace tana juyawa ɓangaren da take juyawa, kowace a mazauninta. Na ce masa a abu mai doro ba tsawo ake bi ba, juyin layi ake bi. Duk wanda ya taɓa yi wa sirdi riga ya san wannan.

Wallahi ya gane. Ya yi ta murna, ya cika shafi uku da alamomi, yana cewa lissafi ne babba. Na ce to mu je wa kwamanda. Sai ya sunkuyar da kai, wai ya riga ya sa hannu, in ya janye za a ce bai san aikinsa ba. Takardar da ya rubuta a ranar, ta mushensa ce, wato malaminsa na Yamai, yana ba shi labarin abin da wai ya gano. Ilimin da ba ya iya taka ƙafa zuwa biro, ban ga amfaninsa ba.

Rissa ya yi arewa da taguwa ranar Asabar. Jiya Kaltuma ta zo karɓar ƙarfenta. Ba ta yi kuka ba, ta dai tambaye ni ko gaskiya ne yaron nan jinina ne. Ka gafarce ni, Yaya, na ce mata a'a.

Ƙanenka, Attahir