Dogo, Na Ja Laimata da Hannuna

Aziziyya, Jidda.

Zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin layina, marigayi Sajan Mamman Sani, wanda duk bariki ta sani da Dogo.

Aminci da rahamar Allah su kai gare ka a makwancinka. A ƙa'ida nan ne zan tambayi lafiya da aiki da iyali. To, lafiya da aiki ka bar mana su, iyali kuwa ni zan ba ka labari: matarka Hajiya Asabe tana nan ƙalau, mun yi waya ranar Juma'a, babban ɗanka kuma ya samu aikin koyarwa. Na san wasu cikin tsofaffin 'yan ɗakinmu za su karanta wannan takarda. Su karanta, ba komai, amma da kai nake.

Dogo, na diro daga jirgi. Ba irin dirarmu ba, waccan ɗin da ka yi ta damuna da ita.

Ka tuna ranar da wasu baƙin masu horarwa suka zo barikinmu? Jirginsu ya yi sama har muka daina ganinsa, sai ƙara kawai. Can sai ga ɗigo uku suna faɗowa, babu laima babu komai, har wani kurtu ya fara salati. Sai da suka ga dama sannan kowa ya buɗe tasa. Ka kare rana da tafin hannu, ka ce, "Idi, wannan ita ce dira. Tamu jefa buhu ce." Daga ranar kullum maganarka ke nan, in mun yi ritaya sai mun yi ta ko sau ɗaya, ni da kai. Ni kuma kullum in ce to, don in samu ka ƙyale ni.

Kuma gaskiyarka ne, jefa buhu muke yi. A tsayar da mu layi cikin jirgi, kowa ya maƙala ƙugiyar igiyarsa a wayar da ke bisa kanmu. In ka fita ƙofa ka manna haɓa a ƙirji, ka haɗe ƙafafu, ka rungume laimar ko-ta-kwana da ke cikinka, ka dunƙule, ka ƙirga huɗu da Turanci. Kafin ka gama, igiyar da ke ɗaure a jirgi ta fizge laimar ta buɗe. Kai ba ka ja komai ba. Aikinka ka fita in an ce ka fita.

Amma kafin fitar akwai dubawa, kuma ita ce ta sa nake rubuta maka. Kowa ya duba igiyar na gabansa, in ya ga lafiya ya dake shi a ƙugun dama, ƙasan jakar laima, shi ma ya daki na gabansa, har duka ya isa ƙofa. Kai kullum a bayana kake, kai ne na ƙarshen layi saboda tsawonka. Hannunka kuwa, Allah ya yafe maka, kamar taɓarya. Sau nawa na yi maka ƙorafin shatin da ka bar mini? Sai ka yi dariya ka ce gara shati da makara. Dira sittin da uku na yi, kuma ban taɓa taka bakin ƙofa ba sai da wannan duka a jikina.

Bayan ritaya ka koma Zariya ka kama kiwon kaji, ni kuma kwangila ta kawo ni nan, ina kula da masu gadin wani sito a tashar jiragen ruwa. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Duk zuwana hutu sai ka tuna mini, ni kuma in ce sai baɗi.

Ranar da ka rasu ina bakin aiki. Kafin saƙo ya iso gare ni an riga an dawo daga maƙabarta. Fasfona yana ofishin kafili, wato uban gidan da ya ɗauko ni aiki, takardar fita kuma ba a rana ɗaya ake samunta ba. Na zauna a kan wani akwati ina kallon teku har aka kira la'asar. Washegari na tafi Makka na yi maka umara, na sake yi maka wata da azumi. Duk da haka wani abu ya ƙi sauka daga ƙirjina, shekara uku cur. Ba zan ɓoye maka ba, kunyarka nake ji.

Mutumin da ya tono zancen sunansa Abu Yasir, yana zuwa sitonmu fitar da kayan kamfaninsu. Haifaffen nan ne, amma kakansa daga Katsina ya tako da ƙafa aikin hajji bai koma ba. Yana jin Hausa sarai, sai dai in zai yi ta kamar mai tafiya kan tsakuwa. Ya ga tsohuwar alamar laimar nan a jikin makullaina, ya tambaye ni ko ni sojan laima ne. Ashe shi malamin dira ne a wani ɗan filin jirgi cikin hamada, arewa da gari, duk ranar Alhamis yana can. Na ce masa na kusa hamsin da biyar. Ya ce in likita ya sa hannu, shi ba ruwansa da shekaruna.

Matata Hajara ce ta fi likita wuya. Ta ce ba ta baro danginta ta biyo ni Jidda don ta ƙare da jinyar tsoho mai karaya ba, kuma mutum mai jika uku ya kamata ya san girmansa. Ta kwana biyu tana ajiye mini abinci ba magana. A rana ta uku ta tambaye ni ko wannan ce dirar da Dogo yake faɗa. Na ce ita ce. Ba ta ce ta yarda ba, amma ita ta goge mini kayan da na sa.

Na isa filin da girman kai, wannan kam na amsa. Abu Yasir ya kwantar da ni rub da ciki a kan wani allo, ya ce in ɗaga haɓa, in turo ciki, in ware hannuwa da ƙafafu kamar ƙadangare a jikin bango. Duk abin da aka dasa mana da bulala da tsallen kwaɗo, shi kishiyarsa yake so. Ya ɗaura mini agogon auna tsayi a hannu, ya ce in allura ta sauko ƙafa dubu biyar da ɗari biyar, in kai hannun dama baya, ƙasan jaka, in kamo wani ɗan mariƙi mai kamar ƙwallo in jefar. Shi ke buɗe laima. Ya kama hannuna ya kai wurin ya fi sau ashirin. Yana tambaya ko na gane, ina cewa na gane, a raina kuwa cewa nake yi me wannan zai koya wa mai dira sittin da uku.

Muka tashi, shi a damana, wani malamin a haguna, za su riƙe ni har laima ta buɗe. Jirgin ya ninka tsayin da muka saba sau goma. Aka buɗe ƙofa, muka fita.

Dogo, wallahi ban san sanda na dunƙule ba. Haɓa ta koma ƙirji, ƙafafu suka haɗe, hannuwa suka rungume ciki suna neman laimar da ba ta nan. Muka kifa, sama ta koma ƙasa, su biyu suna ta kokawar daidaita ni. Ni kuwa ƙirga nake yi, wan tauzin, tu tauzin. Na kai huɗu na jira fizga. Shiru. Na ci gaba da jira. Na ga yatsan Abu Yasir a gaban idona yana yi mini alamar in ja, na gan shi sarai, amma hannuna bai motsa ba. Shi ya ja mini.

Da muka sauka bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya kawo ruwa muka zauna a inuwar rumfa. Ya ce duk cikin masu koyo ba wanda ya kai tsohon soja wahala, don sabon shiga tsoro ke sa shi sauraro, mu kuwa jikinmu ya riga ya haddace wani karatun. Sannan ya dube ni ya ce, da Hausarsa mai tuntuɓe, "Ya ammi, baffana, kai kana jira jirgi ya buɗe maka. Jirgi ya tafi. Sau ɗaya kuma. In ni na ja, halas, ba dira kuma." Ya ba ni mako biyu in shirya wa gwajin ƙarshe.

A mota ina dawowa maganar ta yi ta cina. Shekara ashirin da biyu a soja, wani ke cewa in tashi, wani ke cewa in kwanta. Na zo nan, kafili ke cewa in fita, shi ke cewa in dawo. Ban ce an zalunce ni ba, da haka na ciyar da gida na aurar da 'ya'ya. Amma na lalubi abu ɗaya babba da na taɓa yi ba tare da an ce in yi ba, na rasa. Ko alkawarinka, ai jira na yi ta yi wani ya turo ni, har ka tafi.

Mako biyun nan da ka gan ni da ka yi dariya har hawaye. In an tashi cin abincin rana sai in hau kan buhunan shinkafa in kwanta rub da ciki, in ware, in kai hannu baya. Leburorinmu 'yan Maraɗi suna leƙe suna cewa Komanda ya fara koyon iyo a cikin sito. A gida kuma kan darduma a falo, Hajara na zaune tana tsinke zogale, in na haɗe ƙafafu ta ce, "Ka ware, Malam." Ita ta fi Abu Yasir tsanani.

Alhamis ta zo. Da aka buɗe ƙofar jirgi na matsa baki na tsaya. Ta nan ina hango Bahar Maliya shuɗi shar, hamada kuma ta miƙe ba iyaka. Sai ƙafata ta ƙi gaba. Ba tsoron tsayi ba ne, na san wannan tsoron, mun saba. Ƙuguna ne ke jira. Sai a lokacin na gane wancan karon ma jan ni suka yi muka fita, ban fita da kaina ba. Abu Yasir ya ɗaga murya ya ce yalla, wato mu je. Na kai hannu baya don in tabbatar mariƙin yana nan, kamar yadda aka koya mini.

Dogo, daidai wurin ne. Ƙugun dama, ƙasan jaka, inda shatin hannunka yake kwana. Sau ɗaruruwa na kai hannu wurin a kan buhu da darduma ban lura ba.

Na daki wurin da kaina, da ƙarfi, irin naka. Na yi bisimilla na fita.

Haɓata ta so komawa ƙirji, na ɗaga ta. Iska ta tallafe ni, na kwanta a kanta lafiya lau. Ban ƙirga komai ba. Na duba agogo, na sake dubawa, allura tana sauka. Da ta kai, na kai hannu na kamo na jefar. Laima ta buɗe, duniya ta yi tsit, sai kaɗawar ƙyalle a bisa kaina. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da nake zaune kan akwatin nan. Na sauka da gindi, in gaya maka gaskiya, gwiwa kuma har yau tana ba ni labari. Abu Yasir ya rungume ni yana ta Larabci, ya manta Hausar gaba ɗaya.

Ga abin da ya hana ni sukuni tun ranar. Kai ne na ƙarshen layi. Daga kanka duka yake farawa, kai kuwa ba mai dukanka. Duk shekarun nan kana fita ƙofa da ƙugunka shiru, kuma ban taɓa juyowa na tambaye ka yadda kake yi ba. Ƙorafin shati kawai na iya. Da ka zo fita ta ƙarshe ma ba na bayanka. Ka yafe mini, ɗan'uwana. Na yi kewarka fiye da yadda takarda za ta ɗauka.

Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya sa ka sauka a kan rahama. Allah ya raya abin da ka bari, ya ba Asabe haƙuri. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, ya haɗa mu a layi ɗaya. Wannan karon kai za ka tsaya gaba, ni a bayanka.

Naka har kullum,
Idi, na biyun ƙarshe a layi.