Dutsen da Na Lasa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Yaya ƙafar Inna?

Albishirinka! Ƙaramin kamfanin nan namu na neman man fetur, wanda kake tsokanata cewa ko kujerar kirki ba mu da ita, wani babban kamfani na son haɗa hannu da shi. Shugabanmu har fenti ya sa aka yi wa ofis. Jira ake rijiyar da muke haƙawa ta nuna mai. Ni ce mai duba duwatsun da ake cirowa daga cikinta. Ka ga cin ƙasar da nake yi ina ƙarama ya zama sana'a.

A gaida kowa.
Ƙanwarka,
Ci-ƙasa

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni kam hankalina ba a kwance yake ba. Inna ta ce za ka sayar da motar hayarka ka sayi hannun jarinmu. Bakina ne ya jawo, na sani.

Don girman Allah kada ka sayar. Na sa hannu a takardar riƙe sirri, in aka ji na yi magana aikina ya tafi, amma da motar nan ka biya min makaranta, da ita yara ke ci. Jiya aka kawo dutsen ƙarshe. Ban jira na'ura ba, na lasa shi kamar yadda masu aikinmu kan yi. Gishiri, Yaya. Ruwan gishiri ne a ƙasan nan, babu mai ko ɗigo. Ka ƙone wasiƙar nan.

Taka,
Ci-ƙasa

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarku, tunda wata biyu ke nan ba ka ɗaga wayata.

Na san ka ji. Babban kamfanin ya sa hannu duk da gishirin. Ashe ba rijiyar ta dame su ba, filinmu da ke jikin nasu suke so, kuma daga su sai shugabanmu suka san haka. Hannun jari ya ninka sau biyar. Inna ta ce abokinka mai faci da ya saya ya buɗe shago, kai kuma injin motarka ya buga, tana jingine a ƙofar gida. Ni an yi min ƙarin girma. Wallahi kunyar rubuta shi nake ji.

Ban yi maka ƙarya ba. Dutse na karanta, ban karanci manya ba. Abin da ke cin raina shi ne, ko yau aka miƙo min dutsen nan, abin da zan gaya maka ke nan.

Ga guntunsa nan cikin ambulan. Ko ba za ka kira ni ba, Yaya, ka lasa.

Ƙanwarka har kullum,
Ci-ƙasa