A Mayar da Baba Ilu Cikin Sahu

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin masallacinmu na bakin tasha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka tare da sauran dattawan kwamiti, da fatan iyali suna lafiya. Ni ne Sabo mai faci, na jikin katangar masallaci ta gabas. Na san an san ni da tsokana, har ladan ba ya ajiye takalminsa inda idona zai kai. To yau ba wasa ya kawo ni ba. Raina a ɓace yake.

Na ɗaya. Juma'ar bayan Babbar Sallah ka karɓi lasifika ka ce kada wanda ya ƙara ba masu kwana a tasha kuɗi, mai son sadaka ya ba su abinci, don ƙwaya suke saya. Akwai masu sayen, ban musa ba, na san su, ko sisi ba na ba su. Amma ka haɗa har da Baba Ilu, tsohon da ruwa ya rushe wa ɗaki a wajen Kiyako, ba mata, ba ɗa, yake kwana a barandar shagon siminti. Tun zuwansa nake ce masa ango, shi kuma yana ce min jikan banza. Wace ƙwaya wannan tsoho yake sha? Mutumin da ko goro sai an gurza masa!

Na biyu. Abinci kam ya samu, an ji maganarka. Tuwo, ɗanwake, shinkafar biki da ta kwana, har ƙudan tasha sun tare a wajensa. Amma cikinku wa ya taɓa durƙusawa ya tambaye shi me yake yi da kuɗi? Baba Ilu yana da lalurar fitsari, ba ya iya riƙewa. Sai da na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya ce in faɗa, ai hanci ya riga ya gaya wa kowa. Kuɗin da yake roƙa na gidan wanka ne da sabulu, ya wanke jiki, ya wanke wando, ya shiga jam'i kamar kowa. Mai gidan wanka ba ya karɓar tuwo, Alhaji. Na gwada. Malmala biyu na kai masa, ya biyo ni da bokiti.

Na uku. Banɗakin masallaci kun sa masa kwaɗo, wai masu bara suna ɓata shi. Kun hana kuɗin wanka, kun kulle ruwa. To ina Baba Ilu zai je? Ran nan ya daure ya shigo sallar La'asar, na kusa da shi ya toshe hanci ya matsa, sahu ya tsage a daidai wajensa. Tun ranar bai sake taka ƙofar ba. Yanzu a bayan taga yake sallah, tsakanin babura, a kan buhun siminti. Mutumin da ke riga ladan zuwa! Wallahi na ce masa ango ranar, bai ko ɗago kai ba.

Na huɗu, wannan tsakanina da kai ne. Larabar da ta wuce na miƙa masa kuɗin wanka, ka hango ni. A gaban masu kawo min aiki ka kira ni mara kunya, ka ce irina ne ke ɓata masu bara, in na ƙara in kwashe injina daga jikin katanga. Ban tanka ba saboda sa'an babana ne kai. Amma gumina ne, ba daga asusun masallaci na ɗebo ba. Kuma ba ka tambaye ni dalili ba, kamar yadda ba ka tambayi tsohon ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A cire kwaɗon nan, wankin banɗakin na ɗauka, ni da yaran tasha. Ka koma kan lasifikar da ka yi sanarwa ka gyara ta: a ce wa mutane su tambayi mai roƙo abin da yake bukata, mai yunwa a ba shi abinci, mai bukatar sabulu a ba shi kuɗinsa, ɗan ƙwaya a kai shi inda za a yi masa magani. In kwamiti zai iya, a kai Baba Ilu asibitin Birnin Kudu a duba shi.

Ina kuma sanar da kai tun yanzu, don kada a ce na yi a ɓoye. Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan biya masa wanka, in riƙo hannunsa mu shigo sahu tare. Injin yana nan inda ka san shi. Wanda zai fitar da tsohon nan daga ɗakin Allah, ya taso ya fitar da shi da hannunsa, jama'a suna gani.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka tsufa mai kyau a cikin ɗakinka, ya sa kada ka taɓa neman ruwa ka tarar da kwaɗo.

Wassalam.

Sabo mai faci,
ƙasar Gwaram.