Kunyar Ɗan Fari Ta Sa Na Ture Shi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Ya Alhaji da yara, ya zaman Legas?

Ranar sunan jaririyar Hadiza a unguwar Kusfa, mata sun cika ɗaki, kowa na ɗaukar bidiyo. Kin san larurar yaron nan nawa, haske da ƙarar waya gigita shi suke yi. Ya toshe kunnuwa, ya rugo ya ƙanƙame ni. Don kada a ce ba na kunyar ɗan fari, na ture shi, na miƙa masa wayata wai ya yi shiru. Ya jefar, ya shige ƙarƙashin gado.

Yanzu na rage hasken wayoyin gidan, na kashe sautinsu, amma kwana uku bai zo jikina ba.

Ki gaida kowa. Ki taya ni addu'a ya sake rugowa. Wallahi ko a gaban wa zan rungume shi.

Ƙanwarki,
Safiya